Gashin Asali: Amsoshin Tambayoyin da Mata Suka Fi Yi Kan Wanki, Tsifa, Mai da Kitso

Tun da na daina sa wa kaina man miƙar da gashi, da wuya in cire ɗankwali a ɗakin mata, a gidan biki ko na suna, ba a tare ni da tambaya ba. Tambayoyin kuwa kusan iri ɗaya ne, daga 'yan mata har iyayenmu: me kike shafawa, wa ke miki kitso, me ya sa nawa ba ya tsawo. Su na tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani. Inda magana ta kai ga ciwo, na ce a je asibiti, kuma da gaske nake.

Me ake nufi da gashin asali, kuma me ya sa namu yake nannaɗewa haka?

Gashin asali shi ne wanda ya tsiro a kanki yadda Allah ya halicce shi, ba a sa masa sinadarin da zai sauya masa siffa ba. Da mai laushi da ke yin zobe-zobe, irin wanda ake yawan gani a kan Fulani da Shuwa da Buzaye, da mai cika da ke dunƙulewa kamar auduga, duk na asali ne.

Nannaɗewar tun daga cikin fata take farawa. Kowane sili yana fitowa ne daga wani ɗan rami a fatar kai. Mai miƙaƙƙen gashi, raminta a miƙe yake. Namu a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, silin kuma ba zagayayye ba ne sosai, shi ya sa yake fitowa yana murɗawa. Abu biyu ne ke biyo bayan haka, kuma duk sauran amsoshin nan a kansu suke tsaye. Na farko, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har bakin gashi saboda yawan kwana, sai bakin ya zauna a bushe. Na biyu, duk inda sili ya lanƙwasa wuri ne mai rauni. Gashin da muke kira mai tauri, muke fizgarsa da mataji don muna ganin zai jure, shi ya fi kowane gashi saurin karyewa.

Ina jin ana cewa 4A, 4B, 4C. Dole sai na san nawa?

Ba dole ba ne. Wani mai gyaran gashi ɗan Amurka, Andre Walker, wanda ya daɗe yana gyara wa shahararriyar mai shirin talabijin Oprah Winfrey kai, shi ya kasa gashi gida huɗu a shekarun 1990: na 1 miƙaƙƙe, na 2 mai ɗan lanƙwasa, na 3 mai zobe, na 4 mai matsattsen murɗi. Haruffan A, B, C kuwa ƙananan rabe-rabe ne a cikin gidan. Yawancinmu a gida na huɗu muke, kuma kai ɗaya yakan haɗa iri biyu, na ƙeya daban na tsakiya daban. Abin da zai fi miki amfani shi ne ki lura da yadda gashinki ke shan ruwa. Wani da an zuba ya jiƙe, kafin a jima kuma ya bushe ƙayau, wannan yana son mai mai kauri. Wani sai ruwan ya tsaya a kansa yana gangarewa, wannan yana son ruwa mai ɗumi da mai mara nauyi.

Shekara da shekaru gashina yana nan inda yake. Ko dai irin wanda ba ya tsawo ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni, domin nima na daɗe ina ganin haka aka halicce ni. Gashinki yana tsawo, 'yar'uwa. Kan mutum na ɗauke da sili wajen 100,000, kowanne yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, namu yakan ɗan gaza hakan kaɗan. A shekara kin samu wajen santimita 10 ke nan. Duk wadda ta taɓa sa lalle a ka ta ga shaida: bayan wata biyu sai ga baƙin gashi ya ɓullo daga tushe. To ina tsawon yake tafiya? Yana kan mataji, yana kan tabarmar makitsiya, yana cikin ɗankwali. Abin da tushe ya ƙara, baki ya zubar.

Ki gwada wannan ranar tsifa. Ki kwashe gashin da ya maƙale a mataji, ki baza a kan farar takarda. Silin da kika ga dogo, da ɗan farin ɗigo a gefe ɗaya, wa'adinsa ne ya cika ya faɗo da kansa, kuma kowa na zubar da irinsa 50 zuwa 100 a rana. Amma guntaye masu kama da yankakken zare, waɗanda ba su da farin ɗigon, karyewa suka yi. Idan su suka fi yawa a takardar, maganinki ba a kanti yake ba, yana cikin yadda kike tsifa, da yadda kike ba gashin danshi, da irin kitson da kike yi. Ki karanta amsoshin waɗannan ukun a tsanake.

Gado yana da nasa rabon. Kowane sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro kafin ya faɗi, wata nata ya fi daɗewa, don haka ba kowa ce za ta kai gadon baya ba. Amma mafi yawanmu ko rabin abin da Allah ya ba mu ba mu taɓa gani ba. Datse baki kuma ba ya sa tsiro, sai dai yana hana tsagewa haurawa sama. Duk wata uku ko huɗu a rage ɗan abin da ya tsattsage, da almakashi mai kaifi.

Me ya sa idan na wanke sai ya koma ya kankance kamar ba ni da gashi?

Halinsa ke nan. Gashin da idan aka ja shi ya taɓo kafaɗa, yana shan ruwa zai iya komawa bai wuce kunne ba, wani ma ya fi rabi yake komawa. Alama ce ta lafiya. Wanda ya ƙi komawa bayan wanki, ya saki laƙwas, shi ne wuta ko sinadari ya lalata. Matsalar kawai ita ce idan aka bar shi ya bushe a sake, silin ya rungumi juna ya yi ƙulli. Don haka kada ki bari ya bushe ba ki kama shi kalaba ba, ko da guda huɗu ce.

Sau nawa zan wanke kai, kuma da me?

Sau ɗaya a mako, ko a kwana goma, ya ishi yawancin mutane. A bazara da gumi ya yi yawa kada a wuce mako. Fatar kai ake wankewa, da tafin yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. Idan gashin yana da cika, ki raba shi gida huɗu ko shida ki kama kowanne, ki wanke ɗaya bayan ɗaya. Tattara shi gaba ɗaya a tsakiyar kai a cuɗa kamar ana wankin zane, shi ke jawo cukurkuɗewar da ke cin rabin yini.

Sabulun salo yana fitar da datti sosai, amma da toka ake haɗa shi, yana da kaifi, yakan bar gashi da kaushi. Idan shi za ki yi amfani da shi, ki narka ɗan kaɗan a ruwa, kada ki goga dunƙulen a ka. Sabulun wanki da garin omo kuwa a raba su da kai kwata-kwata. Bayan shamfu ko sabulu a sa kwandishana a bar shi minti biyar zuwa goma, ko a bi da karkashi kamar yadda na bayyana a amsa ta gaba. Wadda ruwan rijiyarsu ko na burtsatse yake da gishiri-gishiri, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, ta yi ɗaurayar ƙarshe da cokali ɗaya na khal ko ruwan lemun tsami a cikin kofi biyu na ruwa.

Da gaske karkashin miya yana gyara gashi?

Da gaske ne, kuma kakanninmu sun riga mu sani. Ganyen da ake tallatawa a intanet da sunan ambunu, ana cewa sirrin matan Chadi ne, karkashinmu ne na miya. Ina tuna kakata ranar Juma'a da hantsi: ta ɗebi busasshen ganyen cikin tafin hannu ta zuba a ƙwarya, ta kwarara ruwan ɗumi, ta rufe da faifai ta ci gaba da aikinta. Kafin minti goma sha biyar, idan ta tsoma hannu ta ɗaga, sai ka ga yauƙin yana bin yatsunta kamar zare. Ta tace da tsumma, ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugune, ta riƙa kwarara min a ka tana bi da yatsu. Gashin da jiya mataji ya ƙi shiga, sai ya riƙa warwarewa da kansa.

Yauƙin ne ke aikin. Yana lulluɓe kowane sili, sai su riƙa zamewa a jikin juna maimakon su sarƙe. Ki fi neman ganyen da ba a daka ba, domin garin yana maƙalewa a gashi, fitar da shi aiki ne. Idan babu karkashi, ruwan dafaffiyar kuɓewa ko jiƙaƙƙiyar hulba suna yin kusan haka. Sai dai karkashi ba ya cire basilin ko mai mai nauyi, wannan sai sabulu. Kuma wanda aka jiƙa yau a yi amfani da shi yau, yana saurin tsami.

Yaya zan yi tsifa ba tare da na cika mataji da gashi ba?

A nan ake asarar gashi fiye da ko'ina. Kada ki fara tsifa kina sauri, kuma kada ki taje busasshen gashi. Ki fesa ruwa ya yi laushi, ki shafa ɗan mai ko ruwan karkashi, sannan ki warware daga bakin kitson zuwa tushe. Kibiya ta buɗe miki hanya kawai, kada ki zura ta tsakiyar kitso ki fizgo. A gindin kowane kitso za ki tarar da ɗan dunƙulen datti da mataccen gashi, ki murje shi da yatsu ya fita tun kafin ruwan wanki ya taɓa shi, in ba haka ba ya zama ƙullin da sai almakashi. Sai yatsu sun gama nasu aikin mataji ke shiga, mai manyan haƙora, daga baki a riƙa hawa sama, ɗayan hannun yana riƙe da gashin don kada a ja tushe.

Kada kuma yawan abin da ya fita ya tayar miki da hankali. Idan kitso ya yi mako huɗu, silin da ya kamata ya faɗi kullum yana nan a maƙale, kwana 28 sau 50 zuwa 100, sili 1,400 zuwa 2,800 ke nan za su fito rana ɗaya. Gwajin farar takarda da ke amsar tsawo zai nuna miki ko zuba ce ko karyewa.

Wane mai ne ya fi, man kaɗanya, na kwakwa ko basilin?

Kafin a zaɓi mai, a san aikinsa. Mai ba ya ba gashi danshi, ruwa ke yin wannan. Mai murfi ne, yana tsare ruwan da ya riga ya shiga. Wadda ta lafta mai a busasshen gashi za ta ga yana ƙyalli, amma ta taɓa ta ji kamar tsintsiya. A fara da ruwa, a bi da kirim idan akwai, a rufe da mai, a fi ba baki muhimmanci.

Ni man kaɗanya na fi yarda da shi ga gashi mai cika, kuma a arha muke samunsa, tunda itacen kaɗanya ya cika dazukan Neja da Kebbi da Kwara. A murza shi a tafin hannu ya narke tukuna. Man kwakwa yana da wata baiwa da yawancin mai ba su da ita, yana ratsa cikin sili, don haka ya fi amfani a shafa shi awa ɗaya kafin wanki. Amma da sanyi yana daskarewa, wasu kuma yana taurara musu gashi. Man zaitun da na riɗi sun dace da gashi mai laushi. Man shanu yana tausasawa ƙwarai, sai dai a wanke shi a ranar saboda ƙarni. Basilin murfi ne mai ƙarfi, amma yana kama ƙura kuma yana wuyar fita, kaɗan a baki ya isa.

Da hunturu gashina yana kakkaryewa. Me zan ƙara?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a Kano ko Katsina ko Damagaram, laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Iskar da ke fasa leɓe da diddige ita ke tsotse gashi. Ki ajiye kwalbar fesawa da ruwa zalla, kowace rana biyu ki fesa a kan kitson, ki bi da man kaɗanya. Ba lokacin sakin gashi ba ne. Kuma duk da sanyi, kada a wanke kai da ruwan da ya yi zafi sosai, mai ɗumi ya wadatar.

Kullum kaina a rufe yake da ɗankwali da hijabi. Yana cutar da gashi?

Rufe kai kariya ce daga rana da ƙura, matsalar tana ga abin da ke taɓa gashin kai tsaye. Atamfa da sauran yadin auduga suna shanye danshi da mai, suna kuma gogar gashi duk motsin da kika yi. Ki sa hular satin ko siliki a ciki, ki ɗaura ɗankwalin a kai, da dare ma ki kwana da ita. Kada ki rufe jiƙaƙƙen kai, yana kawo wari da ƙaiƙayi. Sannan ki duba inda bakin hular hijabi ko ƙullin ɗankwali ke zama: idan kullum a layi ɗaya yake matse goshi, zai yi irin ɓarnar da matsattsen kitso ke yi.

Wane kitso ne ya fi riƙe gashi, kuma kwana nawa zai yi?

Kitso shi ne babban gatan gashinmu, domin yana ɓoye baki ya hana yawan taɓawa. Shuku, zane, kalaba, duk suna da kyau idan matsakaita ne. Ƙananan kitso masu kamar zare suna burgewa, amma kowanne sili kaɗan ne ke ɗauke da shi, kuma tsifarsa ce ke cinye gashi. Mako biyu zuwa huɗu ya isa, a tsefe, a wanke, a bar kan ya huta kwana ɗaya ko biyu.

Maganar da aka saba faɗa mana tun muna yara, wai kitso sai da zafi yake kyau, ita ta cinye goshin mata da yawa. Idan kin tashi daga gaban makitsiya kina jin girarki ta ɗage, ko kin kasa kwanciya sai da maganin ciwon kai, ko kin ga ƙananan ƙuraje a bin tsaga, kitson ya matse, a tsefe shi ko nawa aka biya. Ki faɗa mata tun kan ta fara: “Don Allah Yaya, a sassauta min hannu, kuma a bar ƙananan gashin gaba.” Makitsiyar kirki ba ta jin haushin wannan. Ƙarin gashi kuwa, bayan hanin da ya zo a kansa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, nauyinsa ma yana jan tushe.

Gaban kaina ya riga ya cinye. Zai dawo?

Ya danganta da daɗewarsa. Idan ja ne ya tsinke shi kuma ba a jima ba, har yanzu ana ganin ƙananan gashi a wurin, to idan aka daina jan yakan dawo cikin wasu watanni. Ki daina kama gaba, ki sauya inda ake tsaga, ki bar ɗaure gashi tamau da ribom. Amma idan shekaru aka yi ana ja har fatar ta yi sumul tana sheƙi, ramukan sun mutu, babu man da zai tayar da su. Shi ya sa nake roƙon kada a tsaya gwaje-gwajen tafarnuwa da albasa har lokaci ya ƙure. Likitan fata yana da magungunan shafawa, irin su minoxidil, da ke taimakawa idan an zo da wuri. Mai ciki da mai shayarwa kada su sa shi sai da izinin likita.

Dole sai na tsefe kitso duk lokacin wankan tsarki?

A'a. Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kitsonta a wankan janaba, ya ce ya ishe ta ta kamfata ruwa sau uku a kanta, sannan ta game jikinta. Muslim ne ya ruwaito. Haka Risala ta kawo: mace ta cuɗa gashin, ba sai ta warware kitso ba. Sharaɗin shi ne ruwa ya kai fatar kai. Idan kitson ya matse ƙwarai ko an naɗe shi da zare mai yawa, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Ta fuskar gashi kuma, yawan jiƙawa ba ya cutarwa idan kin matse da tsumma mai laushi, kin bar shi ya sha iska, kin mayar da ɗan mai a baki.

Chebe da man karkar suna sa tsawo kamar yadda ake faɗa?

Chebe gari ne da matan Chadi ke haɗawa daga soyayyun 'ya'yan wani tsiro, da kanumfari da wasu kayan ƙamshi. Karkar kuma haɗin mai ne da aka sani a Sudan da Chadi, galibi a kan man riɗi. Ku dubi yadda masu abin ke yi: su jiƙa gashi, su shafa mai, su barbaɗa garin a jikin gashin, su kitse manya, su bar shi kwanaki ba mai taɓawa. Ruwa, mai, kitso da ƙyalewa ke nan, abubuwan da muka yi ta faɗa a sama. Chebe ba ya ƙara saurin tsiro, yana rage karyewa ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A jikin gashi ake sa shi. A fatar kai yana taruwa ya kawo ƙaiƙayi.

Lalle fa?

Jan lalle na ganye yana manne wa sili ya ƙara masa ƙarfi da kauri, yana kuma rina furfura ja. Launin ba ya fita sai gashin ya tsiro an datse. Yana busarwa, don haka a bi shi da karkashi da mai, kuma sau ɗaya a wata biyu ya isa. Wanda za a yi hattara da shi shi ne baƙin rini da ake kira baƙin lalle, yawancinsa yana ɗauke da sinadarin PPD da ke kumbura wa wasu fuska da fatar kai. A ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira kwana biyu kafin a sa.

Ina fama da amosani, kuma ina shafa mai kullum amma ba ya tafiya.

Wataƙila man ne ke ciyar da shi. Amosani na gaskiya yana da alaƙa da wani naman gwari da ke rayuwa a fatar kowa, abincinsa kuwa maiƙo ne. Ki daina shafa mai a fata, ki nemi shamfu mai ketoconazole a kantin magani, ki shafa a fatar kai ki bar shi minti biyar kafin ɗauraya, sau biyu a mako har wata guda. Idan bai lafa ba, ko ana samun ɓawo mai kauri da jini, sai asibiti.

Kada a haɗa shi da makero, wanda ya fi kama yara: zagayayyen fili mai fari-fari, gashin wurin ya guntule. Yana yaɗuwa ta mataji, hula, matashin kai da injin aski. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi domin yana cikin ramin gashi, sai maganin sha na makonni shida zuwa takwas da likita zai rubuta.

Tun da na haihu gashina ke zuba. Shayarwa ce?

Ba nono ba ne ke shanye shi. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe silin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa mai ciki kan ga kanta ya cika. Bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai duk su zubo tare, musamman ta gefen goshi. Yakan tsaya da kansa, kafin yaro ya shekara kan ya soma komawa. A wannan tsakani a yi manyan kitso sakwa-sakwa, a ci wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale da alayyafo. Idan an wuce shekara ana zuba, ko akwai jiri da kasala, a je a auna jini, domin ƙarancinsa yana zubar da gashi.

Ina so in bar rilaksa. Sai na aske?

Ba lallai ba. Amma ki sani gashin da rilaksa, wato man miƙar da gashi, ta taɓa ba ya komawa, domin sinadarin, wanda a yawancinsu soda ce mai ƙarfi ko danginta, ya riga ya karya ƙullin da ke riƙe murɗin. Hanya biyu ce. Ko a datse gaba ɗaya a fara sabo, ko a bar sabon ya riƙa tsirowa ana rage tsohon kaɗan-kaɗan har shekara ɗaya ko fiye. Ni ta biyu na bi. Wahalarta tana mahaɗar gashin biyu, nan ne ya fi rauni, don haka kitso da karkashi su ne abokan tafiya, a kuma bi amsar tsifa sau da ƙafa.

Abin da ya sa na bari ƙuna ce. A wani shagon gyaran gashi aka bar min man ya wuce lokaci, ina cewa yana ci na ana cewa in ƙara haƙuri, washegari na tashi gashin ƙeyata ya manne da ruwan ciwo. Daga baya kuma, a 2022, wani binciken hukumar lafiya ta Amurka da ya bi mata sama da 33,000 ya nuna cewa masu yawan amfani da man miƙar da gashi, fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kansar mahaifa a gare su kafin su kai shekara 70 ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari, na waɗanda ba sa amfani da shi kuma kashi 1.6. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne sanadi ba, amma ya isa mace ta yi tunani. Wadda za ta ci gaba, ta bar aƙalla mako takwas tsakani, a sabon tsiro kaɗai, kuma kada a sa a kan da ke da rauni.

Ina da biki, ina so ya miƙe ya sauka. Yaya zan yi ba tare da na lalata shi ba?

Kitson zare shi ne hanya mafi aminci. Bayan wanki, gashin da ɗan danshi, a raba shi gida takwas ko goma, a naɗe kowanne da zare daga tushe zuwa baki ba tare da matsewa ba, a kwana biyu a warware. Zai miƙe kamar an busar da diraya. Mai son murɗin ya fito ya yi kyau kuwa, ta shafa kirim da mai, ta murɗa gashin biyu-biyu, ta bari ya bushe sarai, ranar bikin ta warware da yatsu masu ɗan maiƙo, kada mataji ya shiga. Idan ƙarfen miƙarwa ya zama dole, to a kan wankakken gashi busasshe, a sa man kariya daga zafi, kada ya wuce digiri 180, a bi kowane yanki sau ɗaya. Matajin ƙarfe da ake ɗorawa a kan garwashi ba a san zafinsa ba, na ga gashin da ya ƙone tashi ɗaya.

'Yata tana kuka duk ranar kitso. Ƙawayena sun ce in sa mata rilaksar yara.

Don Allah Maman yarinya kada ki sa. Wadda aka rubuta ta yara ma sinadari ne mai cin fata, fatar kan yaro kuwa ta fi ta babba taushi. Kukan nan yawanci na tajewa a bushe ne da matsewar hannu. Ki raba aikin kwana biyu: yau tsifa da wanki da karkashi, ki kama mata kalaba shida ta kwana, gobe kitso. Manya guda takwas ko goma sun ishi 'yar shekara huɗu, kada zaman ya wuce rabin awa, a bar gashin goshi da na ƙeya a sake, duwatsun ado kuma kada su yi nauyi a baki. Ki zaunar da ita a tsakanin ƙafafunki, ki ba ta madubi da nata ƙaramin matajin ta riƙe, idan ta ce da zafi ki tsaya ki warware wannan layin ki sake kamawa.